Kafin Jamus ta iya neman gafara, me ta yi wa Wolfgang Staudte?

Idan ana hirar ƙasashen da suka yi ta'asa suka kuma amsa laifinsu, sunan Jamus ne ke fara zuwa baki. Za a tuna maka da shugaban gwamnati Willy Brandt da ya durƙusa a gaban dutsen tunawa da Yahudawan birnin Warsaw a watan Disamba na 1970, da jawabin shugaban ƙasa Richard von Weizsäcker na 8 ga Mayu, 1985, inda ya kira ranar da Jamus ta miƙa wuya ranar samun 'yanci, da makeken filin tunawa da aka buɗe a tsakiyar Berlin a 2005. Duk haka aka yi, ba na ja. Inda nake ja shi ne yadda ake jera labarin har mai sauraro ya ɗauka hukuma ce ta shige gaba jama'a suka bi bayanta. A shekaru ashirin na farko bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hukuma birki ta riƙa takawa. Waɗanda suka fara buɗe baki ɗaiɗaikun mutane ne, kuma sun ɗanɗana kuɗarsu. Ɗaya daga cikinsu wani daraktan fim ne, Wolfgang Staudte, wanda ƙasashen Jamus biyu, ta Gabas da ta Yamma, kowace ta so shi lokacin da yake sukar kishiyarta, ta kuma ɗaure masa fuska da ya juyo kanta.

An haife shi a Saarbrücken ranar 9 ga Oktoba, 1906, iyayensa duka biyu 'yan wasan kwaikwayo ne, a Berlin kuma ya tashi. Ya fara da koyon aikin injina, daga baya ya bi sana'ar gidansu. A zamanin Hitler bai gudu ba, bai kuma shiga ƙungiyar masu turjiya ba. Ya zauna ya nemi abincinsa: yana shirya gajerun fina-finan talla, yana fitowa a ƙananan matsayi a fina-finan wasu. A cikin waɗannan akwai Jud Süß na 1940, fim ɗin ƙin jinin Yahudawa da ma'aikatar farfaganda ta Goebbels ta ɗauki nauyi, wanda mutum kusan miliyan 20 suka kalla, wanda kuma Himmler, shugaban SS, dakaru na musamman na jam'iyyar Nazi, ya ba da umarni a nuna wa dakarun nasa da 'yan sanda. Fitowar Staudte a ciki kaɗan ce, amma ya fito. Na sa wannan a gaba ne da gangan, don masu son goge maganarsa nan suke fara kamawa, kuma zan dawo kai.

Yaƙi na ƙarewa ya riga ya rubuta labarin fim. Ya kai wa jami'an ƙasashen Yamma da ke mulkin sassan Berlin, ba su ba shi izini ba. Jami'an Tarayyar Sobiyet ne suka karɓa, sabon kamfanin fim na ɓangaren Gabas, DEFA, da aka kafa a watan Mayu na 1946 ya shirya shi. Sunansa Die Mörder sind unter uns, wato masu kisan suna cikinmu, kuma shi ne fim ɗin Jamus na farko bayan yaƙi. An fara nuna shi ranar 15 ga Oktoba, 1946, ana gobe za a rataye manyan 'yan Nazi da kotun Nuremberg ta yanke wa hukunci.

Labarin wani likita ne da ya dawo daga fagen daga ya koma mashayi a cikin kufan Berlin. Abin da ke cin sa a rai shi ne abin da ya gani a ƙasar Poland a jajibirin Kirsimeti na 1942, lokacin da kyaftin ɗinsa ya sa aka harbe fararen hula fiye da ɗari, maza da mata da yara. Sai ya gano kyaftin ɗin yana nan da ransa, ya zama attajiri mai fara'a, mai son iyalinsa, yana da masana'antar da ke mayar da hulunan kwanon soja tukwanen girki. A ganina a nan basirar Staudte take. Bai zana mugu mai jajayen idanu ba. Ya zana mutumin da za ka gaisa da shi a bakin ƙofa, ya tambaye ka yara, ya kuma yi barcinsa lafiya lau. Asalin rubutun, likitan ne zai harbe shi. Jami'an Sobiyet suka ce a'a, ba sa son a koya wa jama'a ɗaukar doka a hannu, sai aka canza ƙarshen: matar da ke son likitan, wadda Hildegard Knef ta fito a matsayinta, ta hana shi, aka bar hukunci ga kotu. Wani abin ban takaici da ban dariya, jarumin fim ɗin kansa, Ernst Wilhelm Borchert, an kama shi kafin a fara nunawa saboda ya ɓoye cewa ya taɓa zama ɗan jam'iyyar Nazi. Sunan fim ɗin ya tabbata tun daga kan 'yan wasansa.

To, mu koma kan Jud Süß. Wani zai ce: wanda ya ci albashi a fim irin wannan, da wane baki zai tuhumi wasu? Tambaya ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma a duba inda take kaiwa. A Jamus ta 1946, idan aka ce sai mai tsabtataccen hannu ne zai yi magana, to an ce kowa ya yi shiru ke nan, domin masu tsabtataccen hannun yawancinsu suna kabari ko suna gudun hijira. Mizanin da ya fi dacewa shi ne abin da mutum ya yi da laifinsa bayan an daina tilasta masa. Daraktan Jud Süß ɗin, Veit Harlan, an gurfanar da shi a Hamburg, kotu ta wanke shi har sau biyu, a 1949 da 1950, ya koma shirya fina-finai yana cewa shi ma tilasta masa aka yi. Staudte kuwa ya shirya Rotation a 1949, labarin wani ma'aikacin maɗaba'a da ba ruwansa da siyasa, wanda ya shiga jam'iyya don kada ya rasa aiki, ya kawar da kai lokacin da aka kwashe maƙwabtansa Yahudawa, har ranar da ɗansa na cikinsa, wanda aka tarbiyyantar a ƙungiyar matasan Hitler, ya kai ƙararsa. Wanda ya rubuta wannan ya san abin da ake nufi da a bi a zauna lafiya, domin shi ma ya bi. Ni dai ba na karanta fim ɗin a matsayin wa'azin waliyyi ga masu zunubi. Shaidar ɗan gida ce, kuma shi ya sa take da ƙarfi.

A kan wannan fim ɗin ne ya fara karo da masu gidansa na Gabas. Akwai wurin da uban ya ƙone kakin sojan ɗansa, alamar an gama da kaki har abada. Hukumomin Gabas, waɗanda a lokacin suke shirin ɗinka wa nasu matasan sabon kaki, suka ce a cire. Ƙin yaƙi abu ne mai kyau a wurinsu matuƙar sojan wani ake nufi.

A 1951 ya fitar da Der Untertan, daga littafin Heinrich Mann na 1918, kuma mutane da yawa na ganin shi ne gwanintarsa mafi girma. Labarin wani mai masana'antar takarda ne a zamanin sarki Wilhelm na Biyu, mutum mai rusuna wa na sama da shi, mai take na ƙasa da shi, wanda ya ɗauki wannan hali a matsayin kishin ƙasa. Gabas ta ba shi lambar yabo, don ta ga sandar dukan Yamma. Yamma kuwa ta hana nuna shi. A nan sai mai karatu ya riƙe abu guda: sashe na 5 na kundin tsarin mulkin Jamus ta Yamma na 1949 ya faɗa ƙarara cewa babu tace ayyukan faɗar albarkacin baki. Duk da haka, daga 1953 zuwa 1966 akwai wani kwamitin ma'aikatun gwamnati a Bonn, babban birnin Jamus ta Yamma, da ke zama ya duba fina-finan da suka fito daga ƙasashen gurguzu, ya hana wanda ya ga dama. Sai a 1957 aka bar Der Untertan ya shiga gidajen silima na Yamma, bayan an yanke masa mintuna fiye da goma, an kuma liƙa masa rubutu a farko cewa wannan labarin mutum ɗaya ne, ba halin Jamusawa ba. Ƙasar da ta ga bukatar liƙa wannan rubutu ta riga ta gane kanta a cikin hoton. Cikakken fim ɗin bai kai ga 'yan Yamma ba sai a 1971, ta akwatin talabijin.

Staudte a Berlin ta Yamma yake zaune, yana tsallakawa Babelsberg, cibiyar DEFA a Gabas, wurin aiki, kuma kowane ɓangare na so ya zaɓi gefe. A 1951 ɗin nan ya rasa aikin wani fim a Hamburg, saboda gwamnatin Bonn ba za ta tsaya wa fim ɗin lamuni ba sai in ya yi alkawarin daina aiki da DEFA, shi kuma ya ƙi. A Gabas ya shirya musu tatsuniyar yara ta ƙaramin Muck a 1953, wadda ta zama fim ɗin da ya fi kowane na DEFA tara 'yan kallo. Bayan shekara biyu aikin mayar da wasan Mutter Courage fim ya watse ana tsaka da ɗauka, saboda saɓani da marubucin wasan, Bertolt Brecht, da matarsa Helene Weigel. Daga nan ya tattara ya koma aiki a Yamma gaba ɗaya. Kada wani ya ɗauka da ya zauna a Gabas da ya tsira: a watan Disamba na 1965 jam'iyyar da ke mulki can ta yi zama guda wanda ya jawo aka kulle fina-finan DEFA kusan goma sha biyu, akasarinsu ba su ga haske ba sai da katangar Berlin ta faɗi.

Fina-finai uku da ya yi a Yamma su ne zuciyar maganata, kuma na farkonsu ya cancanci a tsaya a kansa. Rosen für den Staatsanwalt, na 1959, wato furanni ga mai gabatar da ƙara. Ana dab da gama yaƙi, wani alƙalin kotun soja ya yanke wa ƙaramin soja hukuncin kisa a kan gwangwani biyu na cakulan. Jiragen yaƙi suka kawo hari ana shirin harbe shi, ya tsere, takardar hukuncin na hannunsa. Bayan shekaru, sojan yana tallan ƙananan kaya a bakin titi, alƙalin kuma ya zama babban mai gabatar da ƙara, mai faɗa a ji a gari, har yana taimaka wa wani malamin makaranta da ake tuhuma da zagin Yahudawa ya gudu daga ƙasar. Wannan ɓangaren ba ƙirƙira ba ce, a 1958 an yi irin haka da wani malami a garin Offenburg, wanda ya tsere zuwa Masar. A ƙarshe talakan ya fasa gilashin kanti ya ɗauki cakulan, aka kawo shi gaban mutumin nan dai, shi kuma cikin ruɗewa bakinsa ya suɓuce ya nemi a yanke hukuncin kisa, a ƙasar da ta soke hukuncin kisa tun 1949. Barkwanci ne, ana dariya, amma dariya mai ɗaci.

Shin ya yi ƙari? A duba abin da ke ƙasa. Hans Globke, wanda ya rubuta sharhin dokokin Nuremberg na nuna wa Yahudawa wariya, shi ne babban jami'in ofishin shugaban gwamnati Adenauer daga 1953 zuwa 1963. Babu alƙali ko ɗaya na kotun nan ta Hitler da ake kira kotun jama'a da wata kotun Jamus ta Yamma ta tabbatar wa hukunci. Wanda aka kai ga gurfanarwa, Hans-Joachim Rehse, an sallame shi a 1968. Hans Filbinger, wanda ya sa hannu a hukunce-hukuncen kisa lokacin da yake alƙalin sojan ruwa, ya mulki jihar Baden-Württemberg har zuwa 1978 kafin asirinsa ya tilasta masa sauka. Fritz Bauer, babban mai gabatar da ƙara na jihar Hesse, da ya samu labarin inda Eichmann, jami'in Nazi da ya tsara jigilar Yahudawa zuwa sansanonin kisa, yake ɓoye a Ajantina, Isra'ila ya tsegunta wa a asirce, don bai yarda da ma'aikatun ƙasarsa ba. Fim ɗin Staudte bai ma kai gaskiyar muni ba. Da aka ba fim ɗin lambar yabo ta gwamnati, ya ƙi zuwa karɓa daga hannun ministan cikin gida na lokacin, wanda shi ma tsohon ɗan jam'iyyar Nazi ne.

Sai Kirmes a 1960. A wani ƙauye ana haƙa rami don kafa lilon bikin shekara, aka tono ƙasusuwan wani matashi da ya gudu daga soja a ƙarshen yaƙi ya dawo gida neman mafaka, kowa ya juya masa baya don tsoro, har da limamin coci da mahaifinsa. Shugaban jam'iyyar Nazi na ƙauyen a wancan lokacin shi ne magajin gari a yanzu. Sai Herrenpartie a 1964, inda wasu dattawan Jamusawa 'yan ƙungiyar waƙa suka je yawon shaƙatawa Yugoslabiya, motarsu ta maƙale a ƙauyen da mata ne zalla, domin sojojin Jamus sun harbe mazan. A kan waɗannan aka yi ta kiransa mai ɓata gidansu, mai zubar da mutuncin ƙasa a idon baƙi.

Hujjar masu wannan ra'ayi ba wauta ba ce gaba ɗaya, gara a faɗe ta da ƙarfinta. Ƙasa ce da ta rushe, miliyoyin 'yan gudun hijira sun kwararo daga gabas, ana bukatar alƙalai da malamai da likitoci da suka san aiki, ga Sobiyet a bakin iyaka tana neman abin farfaganda. Ana jingina wa Adenauer maganar cewa ba a zubar da ruwa mai datti sai an sami mai tsabta. Jama'a su ma sun gaji, abin da suke tururuwar kallo shi ne fina-finan ƙauye masu duwatsu da dazuzzuka da soyayya, inda babu wanda ya taɓa jin ƙarar bindiga. Na yarda mai mulki yana iya samun kansa a irin wannan tsaka mai wuya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce don an rasa yadda za a yi da ruwan, to haramun ne wani ya ce yana da datti. Staudte bai kori kowa daga aiki ba, ba shi da wannan iko. Nunawa kawai ya yi. Kuma shirun da aka saya da wannan hujja bai kawo sulhu ba, jinkirta rikicin ya yi, har 'ya'yan gidan suka girma suka yi wa iyayensu tambayar da kakkausar murya a 1968, shekarar da Beate Klarsfeld ta kwaɗa wa shugaban gwamnati Kiesinger mari a bainar jama'a saboda tarihinsa na Nazi. Maganar zubar da mutunci a idon baƙi ita ce mafi rauni. Mutanen Poland da Yugoslabiya ba sa bukatar fim ya sanar da su abin da aka yi musu. 'Yan gida kaɗai ake ɓoye wa.

Abin da ya fi ba ni tausayi a rayuwarsa shi ne yadda ƙarshenta ya kasance, domin ba masu almakashi ne suka ci galaba a kansa ba. A 1962 matasan masu shirya fim 26 suka fitar da sanarwar Oberhausen cewa tsohuwar silima ta mutu, aka kuma haɗa Staudte cikin tsofaffin, duk da cewa shi ya daɗe yana yin abin da suke iƙirarin za su fara. A gaskiya shi ma ya ba da ƙofa, don tsakanin manyan ayyukansa ya yi fina-finan neman kuɗi da dama waɗanda ba su da abin tunawa. Sannan a 1968 ya zuba dukiyarsa a wani fim na kamfaninsa, Heimlichkeiten, fim ɗin ya faɗi warwas, bashi ya hau kansa. Daga nan ya koma ma'aikacin talabijin, abin da aka ba shi shi yake yi: sassan shirin 'yan sanda na Der Kommissar da na Tatort, da fina-finai masu dogon zango irin su Der Seewolf na 1971. Shi ne ma ya jagoranci ɗora muryoyin Jamusanci a kan wasu fina-finan daraktan Amurka Stanley Kubrick, irin aikin da masu fassara fina-finan Indiya ke yi a Kano, sai dai nasa da cikakken izinin mai fim. Hani na hukuma yana da magani, domin yakan jawo wa fim suna, a yi ta rububinsa daga baya. Mutumin da ake bi bashi kuwa ba sai an hana shi komai ba, da kansa zai ajiye labarin da ba zai samu mai zuba kuɗi ba. Duk mai son sanin ko ƙasa na jure wa masu sukarta, kada ya tsaya kan jerin abin da ta haramta, ya duba wanda aka daina kira aiki.

Ba na cikin masu raina aikinsa na talabijin. Ya yi shi da ƙwarewa, kuma a cikinsa akwai Die Pawlaks na 1982, kan ma'aikatan haƙar kwal na yankin Ruhr, wanda ke nuna idonsa bai bar kan talaka ba. Amma sai a lura da wannan: abin da ya girgiza gidajen Jamus ta Yamma har aka yi ta kuka ana kiran tashoshi a waya shi ne wani shirin Amurka kan kisan ƙare-dangin Yahudawa da aka nuna a watan Janairu na 1979, mutum kusan miliyan 20 suka kalla. Shekara 33 ke nan bayan ɗan gida ya faɗi tasa. Majalisar dokokin Jamus kuma ba ta soke hukunce-hukuncen da aka yi wa sojojin da suka gudu daga rundunar Hitler ba sai a 2002, shekara 42 bayan Kirmes.

Staudte ya rasu ranar 19 ga Janairu, 1984, yana da shekara 77, zuciyarsa ta tsaya a ƙasar Sulobeniya ta tsohuwar Yugoslabiya, yana tsaka da ɗaukar wani shirin talabijin. Daga baya aka sa sunansa a wata lambar yabo a bikin fina-finai na Berlin, masana kuma suka dawo suna nazarin ayyukansa. Amma in ka tambayi Bajamushen da ya taso a shekarun 1970 abin da ya fi tunawa cikin duk abin da mutumin nan ya ɗauka, da wuya ya ambaci alƙalin cakulan. Zai ce maka wurin nan ne a Der Seewolf da kyaftin ɗin jirgin ruwa ya matse dankali da hannu ɗaya ya dagargaza shi, kuma har yau ana gardama ko ɗanye ne ko an ɗan dafa shi.